Mutum Saba'in da Ɗaya a Gida Mai Ɗaki Biyu

Ko na tsufa na zama kaka mai sanda da tabarau, ba zan manta da ranar Alhamis ɗin da Malam Isufu ya kira ni da cikakken sunana ba. A gidanmu Nafi ake ce min. In aka ce Nafisa, na yi laifi. In kuwa aka ce Nafisatu, gara in fara neman wurin ɓuya. Shi ran nan sai da ya ja sunan har ƙarshensa, ya ce, "Nafisatu, zo nan da kujerarki."

Na rubuta wannan ne saboda ku ƙannena da za ku fara aikin hutun bazara bana, musamman waɗanda aka tura ofis. Malamarmu ta Islamiyya ta ce duk wanda ya yi aikin bara ya rubuta abu ɗaya da ya koya. Wasu sun rubuta layi biyu, cewa a riƙa zuwa da wuri kuma a kashe waya. Nawa ya fi tsawo, don laifina ya fi nasu girma.

Wurin da aka tura ni wani ƙaramin ofishin bincike ne a Manhattan, hawa na tara. Aikinsu tattara alƙaluma kan rayuwar mutanen da ke zaune can ƙarshen arewacin duniya, inda ƙanƙara ta fi ƙasa yawa: Inuit na Alaska da Kanada da Greenland, da Sami na Norway da maƙwabtanta. Kowace ƙasa da irin yadda take yi wa mutanenta tambaya. Su kuma a ofishin sai su jera amsoshin a jadawali guda, domin a iya kwatantawa: ina ne gidaje suka fi cunkoso, ina ne yara suka fi gama makaranta, ina ne abinci ke wadatar mutane. Masu tsara taimako da masu gina gidaje suna duba irin wannan jadawalin kafin su yanke shawara. Garin da bai fito a ciki ba, kamar bai zo taro ba ne.

Ga yadda muƙamai suke. A sama akwai Dakta Helen, shugabar ofis. Sau huɗu na gan ta duk bazarar, sau uku a ciki tana gudu zuwa taro da takalmi a hannu. Ƙarƙashinta Malam Isufu, jami'in ƙididdiga, mutumin Maraɗi. Ƙarƙashinsa akwai injin kofi. Ƙarƙashin injin kofi kuma ni, mai duba fom.

Malam Isufu abokin Abbana ne tun kafin a haife ni. Iyalinsa suna Nijar, shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki a Harlem, kusa da titi na ɗari da goma sha shida. Shi ya sa hannu aka karɓe ni a ofishin, kuma saboda haka ya fi tsananta min fiye da kowa. Ranar farko ya tsayar da ni a bakin lifta ya ce, "Ɗiyata, ki saurara. A gida ni Kawu ne. A nan ni Malam Isufu ne. Maganar gida ba ta hawa wannan lifta, maganar ofis kuma ba ta shiga jirgi lamba shida, jirgin ƙasan da ke kai ki gida. Kin gane?" Na ce na gane. Mutum ne da in ya ga an karkata takarda a kan tebur, sai ya miƙe ya gyara ta kafin ya amsa gaisuwa.

Aikina mai sauƙi ne, in an yi shi. Ma'aikata a garuruwan can suna bi gida gida suna cike fom da biro. A ɗauki hoton fom ɗin, kwamfuta ta karanta lambobin. Duk lambar da ta fita daban da sauran, sai kwamfuta ta shafa mata ruwan ɗorawa. Ni kuma in buɗe hoton takardar in kwatanta. In kwamfuta ce ta karanta ba daidai ba, in gyara. In lambar daidai take kuma ba ta da wani abin mamaki, in danna kore ta wuce. In kuwa daidai take amma hankali bai ɗauka ba, in danna ja. Jajayen su ne Malam Isufu yake bi, ya tuntuɓi wanda ya cike su. Wadda aka kasa tabbatarwa kafin ranar rufe jadawali, cire ta ake yi.

A mako na uku aka turo fom talatin da biyu daga wani ƙaramin gari a gaɓar tekun Alaska. Akwai tambayoyi biyu a jere. Ta farko: mutum nawa ke kwana a gidan nan? Ta biyu: mutum nawa suka ci abinci a gidan nan a makon da ya wuce? Kwamfuta ta shafa wa kusan rabinsu ruwan ɗorawa. Na buɗe na farko: masu kwana huɗu, masu ci goma sha tara. Na ce to, ina matsalar? Kore. Na biyu: masu kwana uku, masu ci goma sha huɗu. Kore. Na ci gaba da dannawa kamar mai wasan waya. Da na zo kan wani gida mai ɗaki biyu, masu kwana shida, masu ci saba'in da ɗaya, na ɗan tsaya. Na ce a raina, wataƙila suna aka yi. Kore. Kafin azahar na gama, har na zagaya ofis ina tambaya ko akwai mai buƙatar taimako, kamar wata tsohuwar ma'aikaciya.

Shi ne ranar Alhamis aka ce in zo da kujerata.

Malam Isufu ya juyo min da fuskar kwamfuta, ya sa bakin biro a kan lambar. "Karanta min wannan."

"Saba'in da ɗaya, Malam."

"Ɗaki nawa?"

"Biyu."

"Bon," ya ce da Faransancinsu na Nijar. "A ina suka zauna? A kan rufi?"

Na ce ai ba lallai ne su ci lokaci guda ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa, wanda a wurinsa daidai yake da wani ya fasa faranti.

"Mi na ce ki yi da lambar da hankali bai ɗauka ba?"

"Ja, Malam. Amma ni hankalina ya ɗauka."

Ban faɗi haka don rashin kunya ba, wallahi iya gaskiyata ke nan. Amma a kunnensa ta fito kamar rashin kunya. Ya yi magana a hankali. Ya ce lambobin garin sun ja jadawalin duka sun karkatar da shi, har Dakta ta tambaya wa ya duba su. Ya ce ya rubuta wa matar da ta cike fom ɗin, wata Misis Dora, amma ba amsa, an ce ta tafi sansanin kamun kifi inda waya ba ta kamawa. Ranar Talata za a rufe jadawali. In ba a tabbatar ba, za a cire garin gaba ɗaya. Ni kuma zai rubuta wa masu shirin aikin bazara cewa ba na duba aiki, su nema min wani wuri.

"Ni na kawo ki," ya ce. "Don haka ni zan rubuta. Ba zan bari wani ya rubuta ba."

Ku da ba ku san Ummata ba, ba za ku gane girman wannan ba. Tun ranar da na fara aikin, babu wanda bai ji labari ba daga unguwarmu Parkchester har unguwar Stapleton. Mai sayar da naman halal ya ji. Telanta na Harlem ya ji. Wata mata da kawai ta tambaye ta hanya a tasha ita ma ta ji cewa Nafi tana aiki da Dakta, a hawa na tara. Yanzu in dawo a ce an sauke ni saboda na ɗauki saba'in da ɗaya ƙaramar lamba. A jirgi ran nan ban ko kunna waƙa ba. Ina zaune ina tsara yadda zan koma wurin kakata a Kano da sunan ziyara, in zauna har sai an manta da ni.

Washegari Juma'a. Na yi aikin ofis shiru kamar wadda aka yi wa rasuwa, na koma gida.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo. Mu biyar ne a takardar haya: Abba, Umma, ni da ƙannena biyu. Amma duk yammacin Juma'a Umma tana ɗora tukunyar da sai mutum biyu suke sauke ta. Tuwon shinkafa da miyar kuka, wani lokaci da taushe. Ba ta gayyatar kowa, kuma ba ta taɓa rasa masu ci ba. Abokan Abba direbobin taksi suna shigowa biyu biyu, ɗaya ya ci ɗaya ya tsaya yana leƙa taga saboda masu ba da tikitin tara ga motoci. Ɗalibai uku da suka zo karatu daga gida suna zuwa da fuskar wai gaisuwa ce ta kawo su. Hajiya Memuna ta hawa na huɗu, 'yar zangon Kumasi, tana saukowa da jikokinta da kwanon shito, yajinsu na can, tana cewa miyar Kano ba ta da yaji. Haka na taso na gani. Ban taɓa tunanin abin lissafi ba ne.

Ran nan ina tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, sai abin ya faɗo min. Na ajiye farantin na fara nuna mutane da yatsa: ɗaya, biyu, uku. Ban kai takwas ba na ji ludayi a bayan hannuna.

"Sauke hannun nan," in ji Umma. "Me kike yi?"

"Ƙirgawa nake, Umma. Na aiki ne."

"A gidana? Awaki ne? Ba a ƙirga bakin da ke cin abinci. Albarkar tukunyar kike so ki kora?"

"To in gwamnati ta tambaya fa, mutum nawa ke ci a gidan nan?"

"Ki ce mata ta zo ta ci ta gani."

Hajiya Memuna ta yi dariya har sai da ta kama ƙirji. Ni kuma na zame na fita wajen ƙofa kamar zan zubar da shara. A nan na ga abin da nake nema. Takalma. Ba mai shiga falon Umma da takalmi, ko shugaban ƙasa ne. Sun cika bakin ƙofa sun gangara har gaban ƙofar maƙwabcinmu: silifas, kambas, takalman aiki masu nauyi, 'yan ƙananan na jikokin Hajiya masu fitila a dunduniya. Umma ta hana ƙirga mutane, ba ta ce komai game da takalma ba. Na ƙirga ƙafa ashirin da uku, ban da namu na gida. Na ɗauki hoto.

A can gefe, an jera su daidai da bango kamar da ma'auni aka auna, akwai wasu takalma masu ruwan ƙasa, an goge su suna sheƙi. Mai su yana cikin falo a lokacin, ya naɗe hannun riga, yana cewa Umma ta ƙara masa miya kaɗan, kaɗan kawai. Shekara nawa yana zuwa duk Juma'a, ban sani ba, tun ina rarrafe dai. Da muka haɗa ido ya ce, "Nafi, kawo wa Kawunki ruwa." Na kawo. Maganar ofis ba ta shiga jirgi lamba shida, don haka ban ce uffan ba. Amma sai da na cije leɓe don kar dariya ta tona min asiri.

Ranar Litinin na riga mai shara zuwa ofis. Da Malam Isufu ya zauna ya gyara takardunsa, na je na tsaya.

"Malam, ina da wata lamba da nake so ka duba min. Wani gida ne, ɗaki biyu. Masu kwana biyar. Masu ci a yini ɗaya, ashirin da takwas."

Bai ɗago ba. "Ja."

Na ajiye masa wayata a kan tebur, a karkace da gangan. Ya miƙa hannu zai gyara ta, sai ya ga hoton. Ya duba. Ya matso da ita kusa da tabarau. Na sa yatsa a kan masu ruwan ƙasan na ce, "Wannan bayanin ne ban gane ba, Malam. Ban sani ba ko kwamfuta ce ta karanta shi ba daidai ba."

Ya ƙura wa takalman ido. Na fara tunanin na ƙarasa kaina, yau ko Talatar ma ba zan kai ba. Can sai ya ce, ba da muryar ofis ba, "A gidan mahaifina a Maraɗi, ba a taɓa sanin kwano nawa za a fitar ba sai an fitar." Ya ajiye wayar. "Shekara ashirin ina duba lambobi. Na ga saba'in da ɗaya, ban tuna gidanmu ba, na tuna doka."

Na ɗauka na ci nasara, har na fara murmushi. Sai muryar ofis ta dawo.

"Amma takalman Parkchester ba hujja ba ne a kan Alaska. Dalili ne dai na sake neman matar. Ɗauko kujerarki."

Agogonsu yana bayan namu da awa huɗu, don haka sai da muka jira tsakar rana. Wannan karon bai rubuta wasiƙa ba. Ya kira ofishin garin, aka ce a kira shago, mai shago ya ce bari ya aika a duba ko kwalekwalensu ya dawo. Muka zauna muna kallon waya kamar masu jiran sakamakon asibiti. Bayan kusan awa guda ta yi ƙara.

Muryar Misis Dora irin ta tsofaffin da ba sa gaggawa ce. Malam Isufu ya gaishe ta, ya yi bayani da Turancinsa mai ƙamshin Faransanci, ya karanto lambar gidan. Ta yi dariya a hankali. Ta ce wannan gidan shugaban masu farautar teku ne. A makon da ta je, jirginsa ya kamo ƙaton kifin nan da Turawa ke kira whale, wanda malamin kimiyyarmu ya rantse ba kifi ba ne. Ta ce al'adarsu, in aka kamo shi, gidan shugaban ne ke dafawa ya ciyar da duk wanda ya shigo, har a aika wa tsofaffin da ba sa iya fita. Sauran gidajen kuma, masu goma sha tara da goma sha huɗu, haka suke ko ba farauta: wanda ya samo nama ba ya ci shi kaɗai.

Malam Isufu ya ce, "Kin tabbata saba'in da ɗaya ne?"

Ta ce a'a, sun fi haka. Ta ce ba ta iya tsayawa tana nuna mutane da yatsa a gidan da ake ciyarwa, abin kunya ne. Wanke-wanke ta taya su, ta ƙirga farantan da suka bi ta hannunta. Da ta kai saba'in da ɗaya uwar gidan ta ƙwace soson ta ce ta je ta ci.

Ni da ba a ce in yi magana ba, sai na ji bakina ya ce, "Kamar Ummata." Misis Dora ta tambaya wace ce wannan. Malam Isufu ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Ma'aikaciyarmu ce. Ita ta duba fom ɗinki."

Ma'aikaciyarmu. Na so a ce an ɗauki muryar an aika wa mai sayar da naman halal.

Amma ku tsaya, labarin bai ƙare da ni a kan doki ba. Malam Isufu ya sa muka bi fom ɗin ɗaya bayan ɗaya tana kan waya. Duk sun yi daidai sai guda. Wani gida da kwamfuta ta ce masu ci arba'in da huɗu ne. Misis Dora ta ce wannan gidan wani dattijo ne da jikokinsa uku, ba ya ma son baƙi. Malam Isufu ya buɗe hoton takardar. Huɗu ce, biron ne ya zame ya yi ta sau biyu. Ya juyo ya dube ni.

"Kin buɗe wannan takardar?"

Ban buɗe ba. A lokacin hannuna ya riga ya saba da kore.

Bai rubuta wasiƙar kora ba. Abin da ya yi ya fi kora zafi: ya sa na sake buɗe duk fom ɗin da na taɓa dannawa tun ranar farko, ɗaya ɗaya, har ranar Laraba idanuna suna ganin lambobi a cikin shinkafa. Garin kuma ya shiga jadawali. Sai dai Dakta Helen ta ce ba za a jera lambarsu kai tsaye da ta sauran ƙasashe ba, domin a wasu wuraren tambayar masu kwana kawai ake yi, kuma makon farauta ba kamar sauran makonni ba ne. Aka sa wa layin garin ɗan ƙaramin tauraro, a ƙasan shafi aka rubuta layi biyu da ke bayyana cewa a nan gidaje suna ciyar da waɗanda ba sa kwana a cikinsu. Malam Isufu ya rubuta, ya ba ni in duba masa waƙafi.

To ga abin da na koya, ku riƙe. In lamba ta ba ku mamaki, kar ku kashe ta. In ba ta ba ku mamaki ba, kar ku sa mata albarka da ido rufe. Ku buɗe takardar, sannan ku nemi wanda ya shiga gidan da ƙafarsa. Masu wannan aikin ba mutane ne marasa zuciya ba, kamar yadda na ɗauka a makon farko. Suna tsananta doka ne saboda sun san bayan kowace lamba akwai ƙofar wani, kuma wani lokaci dokar ce take sa su manta tasu ƙofar.

Da aka buga rahoton, Kawu ya kawo kwafi ɗaya gida ranar Juma'a, wanda shi ne karo na farko da maganar ofis ta shiga jirgi lamba shida. Ya jera takalmansa daidai da bango, ya kalle ni ya ce, "Yau ba hoto." Na buɗe wa Umma shafin na nuna mata tauraron. Ta nemo tabaranta, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce wannan ɗigon ne duk aikin bazarar? Na ba ta labarin ƙaton kifin da gidan shugaban mafarauta da farantin Misis Dora. Ta fara tambaya ko halas ne, Abba ya ce na teku ne, halas ne. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da kwashe tuwo. Can ta tsaya da mara a hannu.

"Su saba'in da ɗayan, sun ƙoshi?"

Na ce fom ɗin bai tambaya ba.

Ta kalle ni, ta kalli Kawu, ta ce, "To me kuke tambaya a hawa na taran?"

Kawu ya gyara zaman tabarau. Ya dai miƙa farantinsa a ƙara masa miya, kaɗan kawai.